Kafin Ka Kwashi Kuɗi Zuwa Maƙera: Faɗakarwa Ga Masu Buga Nioh

A gidajen gem na unguwanninmu ƙwallo ce sarauniya, shi ya sa matashin da ya samu tasa na'urar, ya faɗa irin wasannin da ake gina jarumi tun daga tushe, yakan sha mamaki. Nioh na cikin waɗanda suka fi kunyata sabon shiga. Team Ninja, wani sashe na kamfanin Koei Tecmo na Japan, shi ya ƙera shi. Ya fito a PlayStation 4 a watan Fabrairun 2017, ya iso kwamfuta a ƙarshen shekarar, na biyunsa kuma ya biyo baya a 2020. Jarumin wasan, William, an aro shi ne daga William Adams, Baturen Ingila matuƙin jirgin ruwa da ya sauka Japan a 1600, ya zama na hannun daman shugaba Tokugawa Ieyasu. Masu ƙera wasan sun ɗauki wannan tarihi suka cakuɗa shi da dodannin tatsuniyar Japanawa, waɗanda ake kira yokai.

Kukan da aka fi ji daga wanda wasan ya gagara shi ne takobinsa ba ya ci, sulkensa ba ya tare komai. Sai ya juya ya yi ta kashe ƙananan abokan gaba yana tara kuɗi, ya kai wa maƙeriya Tome, ya dawo a sake kashe shi a inda aka kashe shi ɗazu. Ya yi wa cutar gurguwar fahimta, don a mafi yawan lokuta numfashinsa ne ke ƙarewa, makamin kuwa lafiyarsa lau.

A ƙarƙashin ma'aunin rai akwai wani ma'auni da ake kira ki, wato ƙarfin jarumin. Sara, gudu, kaucewa da tare duka, kowanne daga cikinsa yake ci. Idan ya ƙare aka taɓa ka, William zai tsaya cak yana haki, abokin gaba ya yi yadda ya ga dama da shi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan dambe ya zubar da ƙarfinsa a turmin farko ya san yadda turmi na biyu ke kasancewa. Amma wasan ya ba da mafita. Da zarar ka gama sara, wani haske shuɗi-shuɗi zai taru a jikin jarumin. Ka danna maɓallin R1 daidai lokacin da hasken ya haɗu, kaso mai tsoka na ƙarfin da ka kashe zai dawo nan take. Wannan dannawar ita ce ƙashin bayan wasan gaba ɗaya. Ita ce kuma ke share wani baƙin tabo da dodanni ke shimfiɗawa a ƙasa, wanda idan kana tsaye a cikinsa ƙarfinka ke dawowa a hankali kamar an ɗaure shi.

Sai tsayuwa, wadda iri uku ce ga kowane makami, ko takobi, ko takubba biyu, ko mashi, ko gatari, ko lauje mai sarƙa. Tsayuwar sama, R1 da alwatika, sara ne mai nauyi daga bisa, ɓarnarsa babba, cin ƙarfinsa ma babba. Ta tsakiya, R1 da murabba'i, ta fi ƙarfin tare duka, saranta kuma yakan share gefe da gefe, don haka ita ce ta lokacin da aka yi maka taron dangi. Ta ƙasa, R1 da X, saranta sauri gare shi amma ba nauyi, sai dai kaucewarta ba ta cin ƙarfi sosai. Sabon shiga yakan zaɓi ta sama don yana son ganin babbar lamba, ya lafe a cikinta har ƙarshe, alhali an gina wasan ne don a riƙa sauyawa a tsakiyar faɗa.

Dubi Onryoki, ƙaton dodon da ake tararwa a cikin jirgin ruwa a matakin farko bayan an baro kurkukun Landan inda wasan ke farawa. Ƙwallayen ƙarfe yake lilo da su a kan sarƙa, wurin kuma ƙunci gare shi. Wanda ya shiga da tsayuwar sama zai yi sara biyu, ƙarfinsa ya kusa ƙarewa, ƙwallon ya zagayo ya same shi ba shi da abin kaucewa. Wanda ya gane kuwa a tsayuwar ƙasa zai zauna, yana zamewa ta gefen dodon. Idan dodon ya gama lilonsa ya ɗan tsaya, sai ya koma sama, ya sauke sara ɗaya ko biyu, ya danna R1, ya koma ƙasa ya ja da baya. Makami ɗaya ne a hannunsu duka biyun. Ka kuma riƙa kallon ma'aunin ƙarfin abokin gabanka, don shi ma yana da nasa. Idan na mutum ya ƙare ana iya cafke shi a yi masa mummunan suka, idan na dodo ne kowane sara sai ya girgiza shi, kuma fasa masa ƙaho na saurin zubar masa da shi.

Wajen rabon maki ma ana asara. Abin da ake tarawa don ƙara matsayi shi ake kira amrita, kuma idan aka kashe ka duk wanda ke hannunka a kabarinka zai zube. Ka sake mutuwa kafin ka isa wurin, ya tafi ke nan. Saboda haka kada ka riƙa yawo da tari, ka kashe shi wajen ƙara matsayi a wurin hutawa na farko da ka samu. Siffofi takwas ake ƙarawa, kuma kowane makami akwai wadda ya fi dogara da ita: takobi da zuciya, mashi da jiki. Wanda ya watsa makinsa ko'ina daidai wa daida zai tashi da jarumin da bai ƙware a komai ba. A ɓangaren dabarun samurai, fara da waɗanda ke inganta dawo da ƙarfi, musamman wadda ke ba ka ƙari idan ka sauya tsayuwa a daidai lokacin danna R1, da wadda ke sa kaucewa ita ma ta dawo da shi. Saran ado na iya jira. A ɓangaren layu akwai wadda ke rage wa abokin gaba sauri, ta ceci mutane da yawa. Idan ka riga ka ɓata rabo, akwai littafin da ake saya a maƙera mai mayar maka da makinka ka sake lale.

Yanzu ga maƙerar. Kaya a Nioh zuba suke kamar ba a so, launinsu ke nuna darajarsu: fari, rawaya, shuɗi, shunayya, sai kore da ke fara samuwa a ƙarshen labarin. Ana iya ɗaga matsayin tsohon makami ta hanyar narka wani da ya fi shi a cikinsa, amma kuɗin yana hauhawa, kuma mataki biyu a gaba za ka tsinci wanda ya fi shi a ƙasa kyauta. A ganina zuba dukiya a wannan aiki a zagayen farko na buga labarin ɓarna ce tsagwaronta. Ka sa mafi kyau cikin abin da ka tsinta, sauran ka wargaza su ka samu kayan ƙira, ko ka miƙa su a wurin hutawa a ba ka amrita. Abin da ya cancanci ka sa wa ido shi ne nauyi. Idan sulkenka ya haura kashi 70 cikin 100 na abin da jarumin ke iya ɗauka, kaucewarsa za ta yi nauyi, ƙarfinsa kuma ya riƙa saurin zubewa. Mutane da dama sun lafta sulke mai kauri don tsoron mutuwa, shi ne kuma ya kashe su.

Akwai wata asarar da ta fi ta kuɗin wasa zafi, wato ta lokaci. Farautar kaya ba ta da ƙarshe, da gangan aka tsara ta haka, kullum akwai takobin da ya ɗara naka da ɗan kaɗan. Dare guda na iya tafiya a kan maimaita mataki ɗaya, ga karatu ko sana'a na jira da safe. Ka yanke wa kanka lokacin tashi tun kafin ka kunna.

Iyaye da yayye kuma su sani cewa wannan ba wasan yara ba ne. Akwai jini da sare gaɓoɓi, akwai dodanni masu ban tsoro, labarinsa kuma cike yake da tsafi da ruhohi na al'adar Japanawa. Hukumar tantance wasanni ta Turai ta sa masa shekara 18, ta Amurka kuma 17 zuwa sama, kuma alamar tana nan a jikin kwalin. A duba ta kafin a miƙa wa ƙaramin yaro.