Ƙashin da ka gada, da wanda za ka gina kafin shekara 30

Me ya sa wata tsohuwa a Ƙofar Sauri za ta ɗan zame a tsakar gida ta karye a ƙugu, alhali sa'arta ta sha faɗuwa tana miƙewa tana kaɗe zani? A gida tsufa za a ɗora wa laifi, ko a ce tsautsayi. Likita kuwa tambayarsa daban: a danginku an taɓa yin irin wannan karayar?

Ciwon sunansa zaizayewar ƙashi, wato ostiyoforosis. Ƙashin yakan yi ta rasa ƙwari ta ciki, ba zafi ba kumburi, sai ranar da ya ɓalle. A duniya, mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka haura shekara 50 na gamuwa da irin wannan karaya. Mata sun fi shan wahalarta bayan ɗaukewar al'ada.

Za ka ce to ina ruwanka, kai da ko aure ba ka yi ba. Da ruwanka fa. Fiye da rabin ƙwarin ƙashinka gado ne daga iyaye. Shi ya sa ma'aunin FRAX, wanda Jami'ar Sheffield ta Ingila ta fitar a 2008 don hasashen karaya, yake tambaya ko uwa ko uba sun taɓa karyewa a ƙugu. Sauran kuma kai ke ginawa, kuma ginin yakan kammala ne wajen shekara 30. Daga nan sai cin ajiya.

A nan Katsina, gadon da ya fi kusa da mu shi ne sikila. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara a Najeriya. Kowa ya san ta da ciwon gaɓoɓi, amma tana kuma rage ƙwarin ƙashi, tana toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu, saurayi ɗan shekara 20 ya koma ɗingishi. Idan AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai SS. Kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024. Kai dai kada ka jira sai an kai kuɗin gaisuwa kafin ka san rukuninka.

Yanzu ke, 'yar'uwa. Ƙwayoyin "sha ka fashe" da haɗe-haɗen ƙiba da ake talla a TikTok da WhatsApp, da yawansu na ɗauke da dezametason, wani nau'in sitiroyid. Kumatu za su ciko, ƙawaye su ce kin yi kyau, amma maganin yana hana jiki gina sabon ƙashi, yana rage kalsiyam ɗin da hanji ke tsotsa. Idan dama kin gaji ƙashi marar ƙwari, kin haɗa masa gobara biyu ke nan. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, hakan ma haɗari ne, likita ne zai rage mata a hankali. Samari, sigari ma na cin ƙashi.

Abin gyaran ba tsada. Fura da nono, kindirmo, miyar kuka, zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya duk suna da kalsiyam. Hantsi na ba da bitamin D kyauta. Ƙwallo, gudu da tafiyar ƙasa suna sa ƙashi ya ƙara ƙwari, zaman danna waya a ɗaki ba ya yi.

Ka tambayi Hajiya ko Baba: wa ya taɓa karyewa ba da wani babban haɗari ba, wa ya ranƙwafe da wuri? Idan kuma akwai yaron da ke yawan karaya, farin idonsa na shuɗi-shuɗi, wannan alamar wani ciwon ƙashi ne na gado. Mai ɗori ba zai gano shi ba. A kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Janar Amadi Rimi, a faɗa wa likita tarihin dangi tun kafin ya tambaya.