Ambaliya ɗaya, asara iri biyu: Kebbi da Jamus

Yau daga Ambursa nake magana, kuma tambayata ɗaya ce: sauyin yanayi ya taɓa kowa a duniya, to me ya sa mu muka fi jin jiki?

Ku tuna daminar 2020. Gulbi ya cika ya batse, ya shanye fadamun shinkafa tun daga Argungu har Birnin Kebbi. Hukumomin jiha sun ce kusan hekta 450,000 na shinkafa ruwa ya ci. Wanda ya karɓi bashin noma, shinkafa ta tafi, bashi ya zauna. Kuma asarar ba ta tsaya a gona ba. Ɗan ƙwadago ya rasa yanka, mai turara shinkafa ta rasa ta turarawa, direban da ke kai buhuna injin casa ya ajiye mota.

Yanzu mu leƙa Jamus. A Yulin 2021 ambaliya ta kashe fiye da mutum 180 a can. Babbar musiba ce, amma gwamnati ta ware Yuro biliyan 30 na sake gini, tattalin arzikin ƙasar kuma bai durƙushe ba. Dalili? Noma kusan kashi 1 ne cikin 100 na abin da Jamus ke samarwa. A Najeriya ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Arzikinsu yana ƙarƙashin rufi, a masana'antu da ofisoshi. Namu yana fili, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi.

Ga kuma zafi. Wani bincike na 2015 ya nuna ƙasa ta fi samar da arziki idan matsakaicin zafinta na shekara yana wajen digiri 13. Mu da Afrilu ke wuce 40, duk ƙarin zafi ragi ne.

Abin takaici, hayaƙin da Afirka ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Shi ya sa aka amince da asusun biyan asara a taron COP27 a Masar, a 2022.

Kafin kuɗin can su iso fadama, mu riƙa bin hasashen NiMet muna fassara wa iyayenmu, mu tambayi inshorar gona ta NAIC, mu riƙe noman rani. A garinku, me ambaliyar 2020 ta ci? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mun haɗu.