Sulhu Na Gaskiya Yana Gyara Abin Da Aka Ɓata

Karatu: Littafin Firistoci 6:1-7, Luka 19:1-10

Yau za mu yi tunani a kan abin da ya kamata a yi sa'ad da wani ya cuci ɗan'uwansa.

Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Dabbobin wani sukan shiga gonar maƙwabcinsa su cinye dawa. Ma'aji yakan taɓa kuɗin ƙungiya. Yaro yakan saci akuya. In haka ta faru, hanya biyu muka saba bi. Ko dai a kai ƙara a ɗaure mai laifin, ko kuwa dattawa su taru su ce wa wanda aka cuta, "Ka yi haƙuri, ka bar wa Allah." A hanya ta fari an hukunta mai laifi, amma mai akuya bai sami akuyarsa ba. A ta biyu an rufe ciwo ba a wanke shi ba, zai kuwa ruɓe daga ciki.

Maganar Allah ta nuna mana wata hanya. A Littafin Firistoci sura 6, wanda ya ci amanar maƙwabcinsa, ko ya yi masa ƙwace, ko ya tsinci kayansa ya yi mūsu, dole ne ya mayar da abin duka, ya kuma ƙara humushi, wato kashi ɗaya cikin biyar. In naira 5,000 ya ci, naira 6,000 zai mayar. A ranar da zai kawo ragon hadaya saboda laifinsa, a ranar ce zai biya mai kayan. Ku lura, 'yan'uwa, Allah bai raba biyan maƙwabci da neman gafara a wurinsa ba. Haka kuma Yesu ya koyar a Matiyu 5:23-24, cewa mai kawo baiko ya ajiye baikonsa tukuna, ya je ya shirya da ɗan'uwansa.

Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya gane wannan. Da Yesu ya sauka a gidansa, sai ya miƙe a gaban jama'a ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta riɓi huɗu. A nan ne Ubangiji ya shaida cewa ceto ya zo gidan. Zakka bai sayi ceto da kuɗinsa ba. Ceton da ya shiga zuciyarsa ne ya kwance bakin jakarsa.

A zamaninmu ma an gwada wannan hanya. A shekara ta 1974, a wani ƙaramin gari mai suna Elmira a ƙasar Kanada, samari biyu suka bugu da giya, suka bi gari da dare suna farfasa tagogi, suna yayyanka tayoyin motoci. Wurare 22 suka yi wa ɓarna. Wani ma'aikacin kotu, Mark Yantzi, Kirista ne na ɗarikar Menonayit, ya ba alƙali shawara a sa samarin su je su fuskanci mutanen da suka cuta. Alƙali ya yarda. Suka bi gida gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna faɗin abin da suka yi, suna jin irin asarar da suka jawo, daga baya kuma suka biya. Daga nan ne shirin haɗa mai laifi da wanda ya cuta domin sulhu ya bazu zuwa ƙasashe da yawa.

To, ƙaƙa ake irin wannan sulhu? Kamar murhu yake, duwatsu uku gare shi.

Na fari, gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda aka cuta shi zai fara magana, a saurare shi har ya gama. Mai laifin kuma ya amsa laifinsa da bakinsa, ba tare da kawo hujja ba.

Na biyu, biyan ɓarna. A ƙiyasta asarar, a yanka abin da za a biya da lokacin biya, a gaban shaidu. In ba shi da kuɗi, sai ya yi aiki. Wanda ya ɓata gona yana iya yin noma a cikinta. Wanda ya ɓata sunan wani a bainar jama'a, a bainar jama'a zai wanke shi.

Na uku, maidowa. In ya cika alkawari, kada a riƙa kiransa ɓarawo har abada. Manzo Bulus ya gargaɗi ikkilisiyar Koranti su ta'azantar da wanda aka hora, don kada baƙin ciki ya sha kansa (2 Korantiyawa 2:6-8).

Amma sai mu yi hattara. Ba a tilasta wa wanda aka cuta ya zauna da wanda ya cuce shi, ba a kuma matsa masa ya ce ya yafe. Manyan laifofi, kamar kisankai da fyaɗe da cin zarafin yara, wajibi ne a kai su gaban hukuma, gama Romawa sura 13 ta ce mai mulki bawan Allah ne don hukunta mugunta. Dattawan ikkilisiya da suka ɓoye irin wannan don kāre sunan ikkilisiya sun goyi bayan azzalumi ke nan.

Ya kai mai sauraro, akwai abin wani a hannunka? Ko bashin da ka ƙi biya, ko iyakar gona da ka tura, ko gādon marayu da ka danne? Kada ka jira a kira ka. Ka tashi ka je ka same shi tun kafin ranar Lahadi mai zuwa.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ka sulhunta mu da kanka ta wurin jinin Ɗanka, ka ba mu ƙarfin halin faɗar gaskiya, da hannun mayar da abin da muka ci, da zuciyar karɓar mai tuba. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.