Kujera ɗaya a majalisar dattawan Minesota

Da an ambaci majalisar dattawan Amurka, hankalin jama'a yakan tafi birnin Washinton. Amma kowace jaha cikin jahohi 50 na ƙasar tana da tata majalisar dokoki, kuma a can ne ake yanke yawancin abin da ya shafi talaka: lada, makaranta, haya da asibiti. Majalisar dattawan jahar Minesota tana da kujeru 67, kowace tana wakiltar mutane wajen 85,000. Bari mu duba ɗaya daga ciki, wato mazaɓa ta 62, a kudancin birnin Miniyapolis.

Mazaɓar nan gida ce ga ma'aikata, da masu zaman haya, da baƙi ƴan asalin Somaliya da Meziko. Jam'iyyar Dimokurat, wadda a jahar ake kira DFL, ita ke da rinjaye a can tun da daɗewa. Saboda haka babban zaɓe ba shi ne fagen kokowa ba. Ainihin karawa tana cikin gida, ranar da ƴan jam'iyya ke fidda ɗan takararsu.

Jeff Hayden ya shiga majalisar a 2011, ana kuwa ganin ya zauna daram. Sai ga shekara ta 2020. Ran 25 ga watan Mayu ɗan sanda ya kashe George Floyd a wannan sashe na birnin, zukata suka tafasa. Ran 11 ga watan Agusta, wani saurayi mai shekara 30, Omar Fateh, ya ka da Hayden da kusan kashi 55 cikin ɗari na ƙuri'u. A watan Nuwamba ya lashe babban zaɓe, ya zama Musulmi na farko, kuma ɗan asalin Somaliya na farko, a wannan majalisa. A 2022, bayan an sake shata iyakokin mazaɓu, jama'a suka maida shi.

Zaɓen 2022 ya bar DFL da kujeru 34, ƴan Ripablikan da 33. Ke nan in mutum ɗaya ya janye, rinjaye ya tafi. Fateh ya kawo dokar da za ta ƙayyade mafi ƙarancin ladan direbobin Uber da Lyft, waɗanda da yawansu ƴan Afirka ta gabas ne. Majalisa ta amince a 2023, amma gwamna Tim Walz ya ƙi sa hannu, karo na farko ke nan da ya yi haka. A watan Mayu na 2024, ana gab da rufe zama, Fateh ya ƙaurace wa zaure, aiki ya tsaya cik har aka daidaita. Doka ta fito: dalar Amurka 1 da santi 28 a kowane mil, da santi 31 a kowane minti.

Sai dai ƙarfin mazaɓa ba shi ne ƙarfin birni ba. A watan Nuwamba na 2025 Fateh ya nemi kujerar magajin garin Miniyapolis, Jacob Frey ya ka da shi. Duk da haka, direban da ladansa ya ƙaru ya san daga inda abin ya taso: ƙuri'un da aka jefa a zaɓen cikin gida na wata ƙaramar mazaɓa. Hausawa dai sun ce wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.