BABI NA UKU: TASIRIN ƘIBA A KAN TAFIYAR MATASA DA HANYOYIN MOTSA JIKI A UNGUWAR KUSUGU

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayanin yadda ƙiba ke sauya yanayin tafiyar matashi, da kuma irin motsa jikin da ya dace da shi a unguwar Kusugu ta cikin birnin Daura. A al'adar Bahaushe akan ɗauki ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata, shi ya sa iyaye ba su cika damuwa da ita ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 masu ƙiba sun kai miliyan 160 a duniya, wato kashi 8 cikin ɗari, alhali a 1990 kashi 2 ne kawai.

3.1 Yadda Tafiya Take

Masana sun kasa zagayen taku gida biyu. Kashi na farko shi ne lokacin da ƙafa ke ƙasa, daga saukar dunduniya zuwa ɗagawar yatsu, wanda ke cin kimanin kashi 60 cikin ɗari. Na biyu shi ne lokacin da ƙafa ke lilo a sama, kimanin kashi 40. A kowane taku gwiwa na ɗaukar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku.

Binciken Hills da Parker (1991) a ƙasar Ostareliya ya nuna cewa yara masu ƙiba sun fi tafiya a hankali, kuma sukan daɗe ƙafafuwansu biyu na ƙasa lokaci guda. Haka kuma mai ƙiba yakan ware ƙafafu, domin cinyoyi na gogar juna, kuma jiki na neman daidaito. Wannan ba lalaci ba ne kamar yadda ake zato. Dabara ce da jiki ke yi don kauce wa faɗuwa.

3.2 Illa ga Gaɓoɓi

Ƙashin matashi bai gama ƙwari ba, saboda akwai guringuntsi a bakin dogayen ƙasusuwa inda tsawo ke ƙaruwa. Idan nauyi ya yi yawa a wannan wuri, kan ƙashin cinya na iya zamewa a kwatangwalo, ko ƙashin ƙwauri ya lanƙwashe. Akan kuma sami gwame da shafewar tafin ƙafa. Abin lura shi ne, ciwon kwatangwalo kan bayyana a gwiwa, don haka matashi mai ƙiba da ya fara ɗingishi asibiti ya kamata a kai shi, ba wurin mai ɗori ba.

Daga nan matsalar kan zama zagaye: ciwo na hana motsi, rashin motsi na ƙara ƙiba, ƙiba na ƙara ciwo. Sai dai Messier da abokan aikinsa (2005) sun gano, a tsakanin manya masu ciwon gwiwa a Amurka, cewa duk nauyin da aka rage a jiki, gwiwa kan sami sauƙin ninkinsa huɗu a kowane taku.

3.3 Motsa Jiki a Kusugu

A da, rayuwar yau da kullum ita ce motsa jikin matashi: ɗibar ruwa a rijiya irin ta Kusugu, noma, aike, da wasannin dandali kamar langa da gaɗa da kokawa. A yau acaɓa da adaidaita sahu da wayar hannu sun rage yawancin wannan zirga-zirga.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta tanadi minti 60 na motsa jiki a kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17. Amma ba daidai ba ne a tura mai ƙiba gudu ko langa tun ranar farko, domin tsalle da ƙafa ɗaya na ɗora wa gwiwa nauyi fiye da tafiya. Abin da ya fi dacewa shi ne:

(i) Fara tafiyar minti 10 zuwa 15, a riƙa ƙarawa mako-mako.
(ii) Zaɓar sanyin safiya ko bayan la'asar, musamman a bazara.
(iii) Sa takalmi mai riƙe dunduniya a maimakon silifa.
(iv) Hawan keke, wanda ke motsa cinya ba tare da dukan gwiwa ba.
(v) Zuwa makaranta da Islamiyya a ƙafa, wanda ya fi sauƙi ga 'yan mata.

3.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa gyaran tafiya da rage nauyi tare suke tafiya, kuma dole a bi su daki-daki. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa. Babi na gaba zai dubi rawar da abinci ke takawa.