Ɗaukar Hoton Furannin Bakin Hanya a Farkon Damina

A ƙasar Jos ruwa ya kan sauka tun cikin watan Afrilu, sa'ad da mutanen Kano da Katsina su ke fama da zafin bazara. Garin yana bisa tudu ne, kamar ƙafa 4,000 daga teku, watau mita 1,200 da 'yan kai. Da an yi ruwa biyu ko uku, sai bakin hanya ya sake kama. Wanda ya fita daga Farin Gada da sassafe, ko ya bi hanyar Zariya, ko ya nufi wajen Naraguta inda Jami'ar Jos ta ke, zai ga furanni iri iri a gefen kwalbati da gindin duwatsu. Galibinmu mu kan wuce su, ko sunansu ba mu tambaya.

Ku malaman gobe, wannan magana ta shafe ku. Yaron firamare ya kan zana furen Turai da ya gani a littafi, amma in ka nuna masa balasa da ke ƙofar ajinsa sai ya ce ciyawa ce. Da can ɗaukar hoto sai mai hali, gama fim ɗaya hoto 12 ko 36 ya ke ci, sa'an nan a kai wanki a biya. Yanzu kuwa kusan kowane ɗalibi yana da kyamara cikin wayarsa. Abin da ya rage shi ne a san irin hoton da zai yi amfani a aji.

Da fari a san lokaci. Furannin da ke riga fitowa su ne masu albasa ko saiwa mai kauri a ƙarƙashin ƙasa. Sun kwana da abincinsu tun bara, saboda haka ba su jiran komi sai laima. Su kan yi sauri su yi fure kafin ciyawa ta yi tsawo ta rufe su. Babbarsu ita ce albasar kwaɗi, wadda masana ke kira Crinum. Furenta fari ne, babba, da jan zane a tsakiyar kowane kunne, tana son wuri mai damshi. Kwana kaɗan ta ke yi ta yanƙwane. Wanda ya ce sai ran Asabar mai zuwa, sau da yawa ganye kaɗai zai tarar. Bayanta sai rumana, mai ganye kamar takobi da furanni jere a kan sanda ɗaya. Gatarin kurege kuwa, watau Gloriosa, sai damina ta kankama. Ba ya ɓacewa kowa: kunnuwansa 6 ne, ja da rawaya, sun lanƙwashe baya kamar harshen wuta, bakin ganyensa kuma ya naɗe, da shi ya ke kama wani tsiro ya hau.

Akwai kuma lokacin yini. Balasa, mai ɗan fure shuɗi, da safe ta ke buɗewa, kafin azahar ta narke. Duman rafi ma da safe ya fi kyau. To, an yi dace, gama hasken safiya shi ne ya fi wa kyamara daɗi. Rana tsaka ta kan wanke launi, ta sa inuwa ta yi baƙi ƙirin, farin fure kuma ya fito kamar takarda ba zane. Ranar da gajimare ya rufe sama ba hadari, ita ce ranar mai hoton fure. In tilas sai cikin rana, sa abokinka ya tare ta da jikinsa ko da laima. Kada ka kunna fitilar waya.

Yawancin masu koyo a tsaye su ke ɗauka, su leƙo furen daga sama. Abin da ke fitowa shi ne ƙasa da tsakuwa da leda, furen kuwa ɗan ɗigo a tsakiya. Durƙusa, kai ko kwanciya ta kama ka kwanta, wayar ta zo daidai da furen. Duba abin da ke bayansa. Duwatsun Jos masu duhu sun fi kowane zane kyau wajen fito da launi, in ka matsa kaɗan dama ko hagu har dutsen ya koma bayan furen. Taɓa furen a fuskar wayar domin ta saitu a kansa, in fari ne ka rage haske kaɗan. Matsa da ƙafarka, kada ka jawo hoton da yatsu, gama wannan ya kan dusashe shi. Amma in ka matsa ƙwarai har ya ƙi fita sosai, ja da baya kamar taƙi ɗaya. Sauran abokin gaba shi ne iska, ga ta kuwa da yawa a tudun nan. Dogara gwiwar hannu a ƙasa, ka jira ta lafa, ka ɗauki uku ko huɗu ka zaɓi ɗaya. Goge gilashin kyamara tukuna, don wayar da ta kwana a aljihu ba ta rasa maiƙo.

Ga inda hoton malami ya bambanta da na mai sha'awa. Mai sha'awa fure kaɗai ya ke so. Malami kuwa so ya ke a gane tsiron, tsiro kuma ba a gane shi da fure kaɗai. Saboda haka kowane tsiro a yi masa hoto 4: dukan tsiron a inda ya tsira, furen daga gaba, furen daga gefe, sa'an nan ganyen da yadda ya ke manne da kara. In akwai 'ya'ya a ƙara da su. A ajiye alƙalami ko rula a gefe cikin hoto ɗaya, in ba haka ba furen balasa da bai fi farce ba zai fito a allo kamar faranti. Kana a rubuta a littafi ranar da wurin, da irin ƙasar, ko fadama ce, ko tsakuwa, ko turɓayar tsohon ramin kuza.

Sai suna. Akwai manhajoji irin su iNaturalist da Pl@ntNet da ke duba hoto su faɗi sunan tsiro. Suna da amfani, amma su kan yi kuskure, ba su kuma san abin da kakarka ke kiran tsiron ba. Wani likita, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tattara sunayen itatuwa da tsire-tsire na Hausa ya buga a 1916, ya kuma fitar da babban littafinsa na tsire-tsire masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Daga bakin mutane ya samo su. Irin mutanen nan suna nan har yanzu: masu lambu a bakin kogin Dilimi, Fulani makiyaya, masu sai da magani, da tsofaffin mata a kasuwar kayan miya ta Farin Gada. Gai da su, nuna musu hoton, tambayi sunan da Hausa, da Birom, da Anaguta, da Jarawa, da Fillanci. In biyu sun saɓa, rubuta duka biyun. A ganina wannan ya fi hoton kansa daraja, don yaran birni sun fara rasa sunayen nan, filayen kuma gini yana cinye su kowace shekara.

Kyan fure ba ya nuna lafiyarsa, wannan ma darasi ne da hoto zai koyar ba tare da yaro ya taɓa ba. Gatarin kurege dafi ne tun daga saiwa har iri. Albasar kwaɗi ba ta ciwuwa. Zaƙami mai farin fure kamar kakaki, wanda ke tsira a juji, shi ne a ke kira haukata yaro. Ƙyarana da mutanen tudu ke shinge da ita, in nononta ya shiga ido sai asibiti.

Kai ma mai ɗauka ka kula da kanka. Hanyar Zariya manyan motoci ke binta, kada ka durƙusa ka ba titi baya. Buga ciyawa da sanda kafin ka sa gwiwa, gama farkon damina macizai na yawo. In hadari ya taso sauko daga kan dutse. Kada ka shiga gonar mutum sai da izini, kada kuma ka ɗaga waya kusa da shingen jami'an tsaro. Ku tafi ku biyu ko uku.

Ran da kuka kama aikin koyarwa, zaɓi 'yar hanya ɗaya kusa da makaranta, ko da taki 200 ce. Ku bi ta da yara sau ɗaya a mako daga Afrilu zuwa Yuni, kowane rukuni da tsironsa. A wanke hotuna goma ko ashirin a manna a kwali, a rubuta suna da rana a ƙarƙashi. Baɗi ajin da ya biyo ya bi hanyar nan, ya duba ko albasar kwaɗi ta riga ranar bara fitowa ko ta makara, ya kuma gwada da ranar da aka yi ruwan fari.