Yadda Kalmomin Turanci Suke Sauya Sheƙa a Bakin Bahaushe

Ɗalibin da ya tashi a Barkiya ko Kurfi, a ƙasar Katsina, yakan shiga aji ɗaya na firamare da kalmomin Turanci masu yawa a bakinsa ba tare da ya san asalinsu ba, domin tun yana goye yake jin ana ambaton mota da tasha da kanti da asibiti. Masana harshe suna kiran irin waɗannan kalmomin aro, wato kalmomin da wani harshe ya ɗauko daga wani, ya gyara musu furuci har suka zauna kamar 'yan gida. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, sau da yawa ma'anar kalma takan sauya tare da furucinta, kuma wannan sauyin ne yake yi wa ɗalibi tarko a ranar da ya haɗu da kalmar a littafin Turanci.

Wani lokaci ma'anar ƙuntata take yi, ta yadda kalma mai fuskoki da yawa za ta shigo Hausa da fuska ɗaya tak. Tiyata a wurin Bahaushe aikin likita ce, alhali “theatre” a Turanci ta fi nufin gidan wasan kwaikwayo, ɗakin fiɗa kuwa ɗaya ne kawai daga cikin ma'anoninta. Haka nan banki, wanda Hausa ta keɓe wa gidan ajiyar kuɗi, duk da cewa “bank” tana kuma nufin gaɓar kogi, don haka yaron da ya san bakin ruwan madatsar Zobe sarai zai iya tsayawa cak a gaban jimlar da ke bayanin abin da ya saba gani. Mashin ya zama babur, alhali “machine” na nufin kowace irin na'ura. Leda kuwa ta yi nisan da ya fi na kowa, domin “leather” fata ce da aka jeme, ba jakar roba da mai kanti yake zuba sukari a ciki ba.

Wani lokacin kuma faɗaɗa ma'anar take yi, kuma a nan ne hikimar masu harshe take fitowa fili. Bariki ta samo asali daga “barracks”, mazaunin sojoji, sannan ta koma nufin unguwar Turawan mulki da ma'aikatansu, daga bisani ta zama sunan wata irin rayuwa ta nesa da idon dangi, har aka sami zaman bariki da ɗan bariki, waɗanda Bature ba zai taɓa gane su daga kalmarsa ba. Tarihin yadda Hausawa suka kalli mulkin mallaka yana kwance a cikin wannan kalma guda. Lamba ma, wadda ta fito daga “number”, ta wuce ƙidaya ta zama alama da shaida, har da lambar yabo. Kuskure ne a ɗauki waɗannan a matsayin gurɓataccen Turanci, domin Hausa ce tsantsa mai bin ƙa'idar kanta, kamar yadda Hausawan Maraɗi suka mayar da kalmomin Faransanci lakwal da mushe, wato makaranta da malaminta.

Akwai kuma haɗarin yanke hukunci bisa kamar sauti kawai. An daɗe ana yaɗa cewa boko daga “book” ta fito, sai a shekarar 2013 masanin harshe Paul Newman ya nuna cewa kalmar Hausa ce ta asali mai nufin abin jabu ko na yaudara, kamar yadda ake cewa amaryar boko, kuma da wannan ma'anar ce mutane suka fara kiran ilimin da Turawa suka kawo.

Ƙasar Katsina ba baƙuwa ba ce a fagen koyon Turanci, tunda a Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗewa a 1922, aka horar da irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, kuma ta yi suna wajen koyar da Turanci. Ƙamusoshi ma ba a rasa ba: na Bargery ya fito a 1934 da kalmomin Hausa kusan 39,000, na Abraham a 1949, sai Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner a 1965, da na Roxana Ma Newman a 1990, wanda ya yi fice wajen rarrabe ma'anonin kalma tare da misalai, sannan Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006. Matsalar ita ce ba kasafai waɗannan littattafai suke isa makarantun karkara ba, kuma abin da ya fi yawa a aji shi ne jera kalmomi a allo, kowace da fassara ɗaya a gabanta, a ce yara su haddace. Wanda ya haddace cewa “charge” caji ce zai tuna da wayarsa, amma ba zai gane ta ba idan ta zo da ma'anar tuhuma a kotu ko kuɗin aiki, duk da cewa ya san caji ofis.

Tunda sai da kiredit a Turanci ɗalibi yake samun shiga jami'a, wannan giɓi yana iya raba yaro mai hazaƙa da gurbin karatu. Dutsin-Ma tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wadda aikinta horar da malamai ne, tana kuma da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Ya kamata malaman Hausa da na Turanci na waɗannan cibiyoyi biyu su haɗa kai su tattara kalmomin aro da ma'anarsu ta kauce daga asali, kowace da jimlarta ta Hausa da ta Turanci, a buga ɗan littafi mai araha a raba wa makarantun Kurfi da Dutsin-Ma.